Shaidar Gidan Tamba

An sa ranar auren Riskuwa da Labbo ranar Juma'a, sha ɗaya ga Nuwamban 1988, bayan la'asar, a zauren Malam Kalilu da ke Badariya a Birnin Kebbi. An raba goro da alewa, an yi addu'a, aka tsayar da Asabar ta biyu a watan Janairu.

Wata goma sha huɗu Labbo ya yi yana neman wannan rana. Abin da yawancin baƙin ba su sani ba shi ne, kwana uku kafin nan amaryar da kanta ta shiga motar Argungu don ta ce masa ya fasa, in yana so.

Riskuwa nas ce a babban asibitin Birnin Kebbi, shekararta ashirin da huɗu, ita ce auta a ɗakin Inna Kulu. Labbo malamin gona ne, yana kula da manoman shinkafa na fadamar Zauro. Ofishinsa yana Argungu, gidansu yana Gulma. Malam Kalilu, mahaifin Riskuwa, wanda yake karantar da littattafai da safe ya leƙa rumfar albasarsa da yamma, ya aika an yi bincike har sau biyu. Ba a sami aibu ko ɗaya a halin Labbo ba.

Aibun na gidansu ne.

Ana kiran gidan gidan Tamba, da sunan kakan da ya kafa shi. Mahaifin Labbo ya faɗi a gulbi yana riƙe da homarsa ta kamun kifi, yana da shekara arba'in da ɗaya, a ruwan da bai kai masa cibiya ba. Ƙanen mahaifin ya dafe ƙirji a gona yana da talatin da takwas. Kafin su an yi wasu. A Gulma cewa ake yi mazan gidan Tamba ba sa ganin furfurarsu.

Malam Kalilu bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Inna Kulu ce ta tsaya kai da fata.

"Ba ni ba da ɗiyata ta yi takaba da goyo a baya," in ji ta, tana tsinkar zogale ba ta ɗago kai ba.

"Inna, mutuwa ai ta Allah ta."

"Ta Allah ta. Amma ni na san gidan."

"Ina kinka san shi? Ko Gulma ban taɓa jin kin tahi ba."

"Kowa ya san shi," in ji Inna Kulu, ta ɗauki ƙwaryarta ta shige madafa.

Akwai kuma Sama'ila, ɗan gwaggon Riskuwa, jami'in kwastan a Kamba, mutum mai jiki da fara'a. Duk Lahadi sai ya zo da zabbi biyu da kwalbar man shanu, ya zauna a kan tabarma ya cika ta. Taubashinta ne, don haka babu abin da ba ya faɗa mata.

"Kakana ya shekara casa'in shina tauna ƙashi da haƙoranai," ya ce mata wata Lahadi. "Ki zaɓa, taubashiya. Doguwar tahiya kika so ko gajera?"

"Doguwar tahiya da kai? Kai da sai ka huta sau biyu kahin ka ɗaure takalmi?"

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Daga cikin ɗaki Inna Kulu ta ce, "Sama'ila dai ɗan gida na. An san tushenai."

Haka aka yi ta tafiya, Lahadi na bin Lahadi, har damina ta sauka.

A watan Yuni aka kawo Abu, ɗan baffan Labbo, asibiti a bayan akori-kura. Shekararsa talatin da shida, ƙirjinsa ya riƙe yana dashen shinkafa. Riskuwa ce a bakin aiki. Likitan da ya karɓe shi Dakta Dikko ne, Bakatsine, wanda bai daɗe da dawowa daga ƙaro ilimi a Zariya ba.

Da ciwon ya lafa a rana ta uku, likitan ya haska idon Abu, ya daɗe yana kallon wani farin zobe da ya kewaye baƙin idon. Sannan ya yaye mayafi ya kama agararsa, jijiyar nan da ke saman diddige, ya matsa.

"Tun yaushe kake da wannan ƙullutun?"

Abu ya yi murmushi duk da halin da yake ciki. "Wagga ba cuta ba ta, Dakta. Shaidar gida ta."

Ya yi bayani da alfahari. A gidan Tamba, ranar da za a sa wa ango lalle, tsofaffin mata sukan shafa agararsa kafin su ƙunsa masa ƙafa. In sun ji ƙullutu sai su rangaɗa guɗa, jinin Tamba ya nuna kansa. In ba su ji ba, sai su ƙunsa lallen shiru, ango ya sha tsiya har ya tsufa.

Likitan ya kira Riskuwa. "Sista, kawo hannunki. Ji nan."

Ta ji. Agarar ta yi kauri, da wani abu mai tauri a tsakiya kamar ƙwallon dabino.

A ofishinsa ya yi mata bayanin a tsaye.

"Kitse ne. Kitsen jini, wanda muke kira kolestarol. Akwai gidajen da hantarsu ba ta share shi yadda ya kamata, tun daga haihuwa. Yana taruwa a agara, inda hannu ke kaiwa. Yana kuma taruwa a jijiyoyin zuciya, inda hannu ba ya kaiwa."

"Duk gidan ke nan?"

"A'a. Duk ɗan da mai shi ya haifa, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Rabi da rabi ne. Amma ki riƙe wannan: rashin ƙullutu ba ya wanke mutum. Sai an auna jini."

"Ana aunawa?"

"A Sakkwato. A ɗiba da safe kafin a karya, a sa a ƙanƙara, a aika." Ya ajiye bironsa. "Mu nan zama muke sai mutum ya faɗi a kawo mana shi. Alhali in ka sami ɗaya, sauran suna gida suna jira. Zuwa ya kamata a yi a neme su."

Riskuwa ta koma gida da wannan magana. Bayan sallar magariba ta durƙusa a gaban mahaifinta ta faɗa masa duka, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Malam Kalilu ya ja carbinsa. "In abu na da aka iya aunawa, a auna," ya ce. "In takarda ta wanke shi, ba ni da sauran magana."

Inna Kulu tana bakin ƙofa. Ta juya ta koma ɗaki.

Sun je Gulma wata Asabar da sassafe a motar asibiti, Riskuwa da likitan da akwatin ƙanƙara. Wanda ya tare su Baffa Hodi ne, wan mahaifin Labbo, mai shekara sittin da bakwai, shi ne babba a gidan. Da ya ji inda likitan ya fito, sai fuskarsa ta washe. Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni.

"Bakatsine za ni ba jinina? Ka tahi ka sayar a kasuwar Jibiya?"

"Wa zai saya, Baffa? Jinin Bakabe rabinsa ruwan gulbi ne. Ka dai ce tsoron allura kake ji."

Tsohon ya naɗe hannun riga nan take. Da ba a yi wannan tsiya ba, mai yiwuwa da babu wanda ya ba da jini a ranar.

Likitan ya ce a lissafa masa 'yan gida. Baffa Hodi ya lissafa su da yatsu, ɗaki ɗaki, mutum goma sha tara. Duka maza.

"Matan fa?"

"Waɗanne mata?"

"'Ya'yan gidan mata. Su ma suna gada."

"Ɗiya mace ta gidan mijinta ta," in ji Baffa Hodi. "Can aka ƙidaya ta. Kuma wace mace ka taɓa ji ta hwaɗi a gona? Wanga abu na maza na."

"Mata ma yana kama su, Baffa. Jinkiri kawai yake yi musu, kamar shekara goma."

"In shiga gidajen surukaina in ce a kawo matansu a sha musu jini? A'a. Ga maza nan, ku yi da su."

Likitan ya dubi Riskuwa, ta dube shi. Suka karɓi abin da suka samu.

Ita ta ɗebi jinin Labbo. Ya zauna a kan turmi ya miƙa hannu, yana kallon gefe.

"A hankali, Sista. Wanga jini shi za shi tahi neman aure a madadina."

"To ka yi mai addu'a shi iya magana, Malamin gona. Kai ka kasa."

Kafin su tafi, Baffa Hodi ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kan benci. Agararsa sumul take.

"Diba, ɗiyata. Ranar lallena tsohwahhi sunka shahwa, sunka shahwa, ba su yi guɗa ba. Uwata kwana uku tana kuka don kallon da anka yi mata." Ya mai da takalminsa. "Ga ni nan. Duk tsarana da anka yi wa guɗa, ni na binne su."

Mako biyar aka yi kafin sakamakon ya dawo. Cikin goma sha tara, takwas kitsen jininsu ya haura nesa. Labbo ba ya cikinsu. Nasa daidai yake da na kowa.

Likitan ya koma Gulma ya tara takwas ɗin. Ya hana su man shanu da kitsen nama da ƙwaƙwalwa, ya ce a rage ƙwai da manja, mai shan taba ya daina. Ya ce su riƙe kifi da wake da gero da ganye. Ya rubuta musu wani garin magani da ake damawa a ruwa, ya ce su riƙa zuwa ana duba su.

"Ikon Allah," in ji Baffa Hodi. "Bakatsine ya taho Kabi shina koya muna cin kihi."

Malam Kalilu ya karɓi takardar Labbo, ya sa Riskuwa ta karanta masa lambobin sau biyu, ya kuma je asibiti da kansa ya tambayi likitan. Da ya dawo sai ya aika Gulma cewa su turo bayan an yanke shinkafa.

Sama'ila ya zo Lahadin da ta biyo, da zabbinsa kamar kullum.

"Na ji takarda ta kada ni," ya ce. "Ba komi. Auna ni ni ma, kada a ce Labbo ya hi ni takarda."

Ta ɗaura masa abin awon hawan jini, ta duba, ta sake dubawa. "Kai kam gobe ka taho asibiti. Kuma ka koma da man shanunka."

"Kin ƙi ni, kin kuma hana ni cin daɗi." Ya tashi yana nishi. "Allah shi ba ku zaman lahiya. Ni za ni kawo ragon walima, mai kitse, don in ga wanda za shi ci."

Riskuwa ta yi wata uku tana cikin kwanciyar rai. Tana zuwa aiki, tana dawowa, tana ɗinkin zannuwan gado. Labbo yana zuwa duk Juma'a su zauna a zaure, ya ba ta labarin ruwa da tsuntsaye da manoman da suka ƙi sabon iri. Inna Kulu ta ce Allah ya sanya alheri, amma ta rage magana. Riskuwa ta ɗauka kunyar kaye ce.

Ranar Litinin, saura kwana huɗu a sa rana, Fadimatu mai ƙunshi, wadda ta shekara goma sha biyar ita kaɗai ke taɓa ƙafar Inna Kulu, ta tafi Jega wurin 'yarta da ta haihu. Riskuwa tana hutu. Bayan azahar ta kwaɓa lalle ta kawo da ganye da tsummoki.

"Bari, ba sai na yi ba," in ji Inna Kulu.

"Uwar amarya da hwarar ƙahwa? A'a, Inna. Miƙo."

"Na ce ki bari."

Riskuwa ta riga ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta, tana dariya. Ta shafa lallen a tafin, ta bi gefe, ta kewayo diddige. Ta sa hannu ta riƙe agarar don ta ɗaure tsumma.

Hannun ya tsaya.

Ta matsa a hankali, yadda likitan ya koya mata. Ta jawo ɗayar ƙafar. Nan ma akwai.

Kaji suna tono a gindin rijiya. A maƙwabta wani yana sauraron rediyon Rima. Inna Kulu ta kafa ido a bango.

"Inna."

"Na ji ki."

"Tun yaushe?"

"Shekara goma sha biyu. Fadimatu ta sani, na ce ta rihe bakinta."

"Ina kinka samo shi?"

Inna Kulu ta sauke ido daga bangon. Da ta fara magana, muryarta ba ta rawa, hawayen ne kawai suke sauka.

"Uwata, kakarki Maimuna, da kuka ce wa Maimunar Zauro, ba 'yar Zauro ba ta. A gidan Tamba anka haihe ta. Da anka yaye ta, anka ba wata gwaggonta a Zauro riƙo, don ba ta haihu ba. Can ta girma, can anka yi mata aure, kowa ya ɗauka ta can ta. Ko babanki haka ya sani."

"Don mi ba ki taɓa hwaɗi ba?"

"Ƙannenta uku maza sunka tahi cikin shekara shida. Na ƙarshen da ni munka je ta'aziyya, ina yarinya. Na ga matansu uku zaune da ɗiya ƙanana, babu mai shekara talatin a cikinsu. A hanya ta ce da ni, kada wani nata shi sake taka gidan nan. Ba mu sake ba."

"Ita mi ya kashe ta?"

"Tana tankaɗe ta kihe. Shekara hamsin da huɗu. Anka ce ajali."

Riskuwa ta dubi hannunta, lalle ya fara kama yatsun. Inna Kulu tana da hamsin da biyu.

"Ni ban san wani kitse ba," in ji Inna Kulu. "Na dai san abin shina jikina, na san shina gidansu. Na ji tsoron a haɗa jini da jini. Shi ya sa na ƙi. Ba yaron na ƙi ba."

"Tsoronki gaskiya na, Inna. Da a ce Labbo shina da shi, ni ma ina da shi, da abin ya yi wa ɗiyanmu yawa. Amma shi ba shi da shi."

"To ai shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Saura ni. Saura ɗiyanki maza, su Yaya Usmanu. Ke kuma gobe za ki ga likita."

Inna Kulu ta kama wuyan hannunta. "Ki bari sai an ɗaura. Don Allah, auta. Wata goma sha huɗu ina wulaƙanta su a kan wanga abu. In sunka ji, da wane ido za ni dibe su? In sunka ce su ma ba su so hwa?"

"Suna da ikon cewa."

"Za ki kashe aurenki da hannunki?"

Riskuwa ma ta fara hawaye, amma ta ci gaba da naɗe ƙafar da ganye, ta ɗaure tsumman da kyau.

"Mun zaunar da shi a kan turmi munka ɗebi jininai kahin mu yarda da shi," ta ce. "Ba ni shiga gidanai da nawa a ɓoye."

Washegari ta kai mahaifiyarta wurin Dakta Dikko da safe, ta bar ta a hannunsa, ta wuce tasha.

Ta sami Labbo a bayan ofishinsu a Argungu, yana duba buhunan irin shinkafa. Da ya gan ta da rana tsaka, ranar aiki, sai ya ajiye littafinsa. Suka zauna a benci a inuwar dogon yaro, da tazara a tsakaninsu.

Ta faɗa masa kamar yadda take ba da rahoto a asibiti: wace ce Maimuna, abin da ta ji a ƙafar Inna Kulu, abin da hakan ke nufi. Rabi da rabi a kanta. In tana da shi, rabi da rabi a kan kowane ɗa.

"Kai ka hita daga ciki," ta ce. "Kai kaɗai za ka iya kahwa ɗakin da babu wanga abu a gidan Tamba. In ka aure ni, mai yiwuwa na mai da ma shi. Don haka na taho. Kana iya hwasawa, ba ni jin haushi."

"Ƙarya kike. Za ki ji."

"Za ni ji. Amma ba ni hwaɗi."

Ya ɗauki wata ƙwayar shinkafa da ta maƙale a rigarsa ya ɓare ta da farce.

"Sanda kinka tsaya a kaina, akwai takarda a hannunki?"

"Babu."

"Wata nawa?"

"Goma, kahin a auna."

"To ni mi za ni yi da takarda?" Ya jefar da ƙaiƙayin. "Ina da shekara tara anka kawo babana daga gulbi. Abin da ya hi yi mini ciwo yanzu shi na, ana yi mai guɗa a kan abin da za shi kashe shi. Bai sani ba, ba wanda ya sani. In ɗiyanmu sun gada, za mu sani tun suna ƙanana. Uwarsu nas ta. Kuma miya babu man shanu, tun Agusta ita muka ci a gida. Na saba."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ya bar ta har ta gama.

"Ke nan ashe 'yar'uwata ta," ya ce. "Duk wahalan nan a kan 'yar gida na sha ta."

"Saura Baffa Hodi," ta ce, tana share ido. "Shi na waliyyinka."

Labbo bai yi dariya a nan ba. "Yau za ni hwaɗa mai. Abin da za shi ce, ban sani ba. Kin san yadda Inna ta mai da aikenai sau biyu."

Laraba ta wuce babu aike daga Gulma. Alhamis ma haka. Inna Kulu ta faɗa wa Malam Kalilu da bakinta. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce babu goron da za a buɗe sai ya maimaita wa Hodi wannan magana ido da ido.

Ranar Juma'a mutanen Gulma suka iso bayan an sauko daga masallaci. Malam Kalilu ya ja Baffa Hodi zuwa zauren ciki, su biyu. Riskuwa tana tsaye a bayan labule, ba ta ma yi ƙoƙarin ɓuya ba.

Malam Kalilu ya fara magana. Tsohon ya ɗaga hannu.

"Na ji, Malam. Ina Kulu? A kira mini ita."

Inna Kulu ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, ƙafafunta ja wur da lalle.

Baffa Hodi ya daɗe yana kallonta. "Ke ta yarinyar nan mai kuka da Maimuna ta taho da ita ta'aziyyar ƙanenta Hammadu. Ni na ba ki gyaɗa kinka yi shiru."

"Ni ta, Kawu."

Shi ne karo na farko da ta kira wani ɗan gidan Tamba da sunan dangi.

"Kin wahalshe mu, ɗiyar Maimuna."

"Na wahalshe ku. A gahwarta mini."

"Ni ma akwai laihina." Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da takarda a ninke, rubutun ajami gaba da baya. "Likita ya ce in lissahwa 'yan gida, na lissahwa rabi. Kwana biyu na yi da tsohwahhi muna wagga. Mata ashirin da shida, da garin da kowace taka aure. Augie, Zauro, Bunza, Kalgo. Gidajen surukan ni za ni shiga da kaina." Ya miƙa wa Riskuwa ta gefen labule, ba tare da ya waiwaya ba. "Amshi, ɗiyata. Ki kai wa Bakatsinen nan. Ki ce ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwatai, kada shi saba."

Ta buɗe. Sunan farko Kulu. Na biyu Riskuwa.

"Maganar aure hwa?" in ji Malam Kalilu.

"Wace magana? Ɗiyarmu ta za ta koma gida. Abin da ke jininta, in akwai, namu na munka ba ta." Ya miƙe yana dafa bango. "Goro shina bushewa a waje, Malam."

Aka fita zaure aka sa rana.

Ranar Litinin da safe, kafin a karya, aka ɗebi jinin mutum goma sha huɗu: Inna Kulu, 'ya'yanta maza biyu, wasu mata goma daga takardar Baffa Hodi, da Riskuwa. Ita ta ɗebi na kowa. Nata Dakta Dikko ya ɗiba. Ta rubuta lamba biyu a jikin kwalbar da hannunta, ta jera ta a ƙanƙara tare da sauran, motar Sakkwato ta tashi ƙarfe tara.

Inna Kulu ta fara shan garin magani tun kafin takarda ta zo, tana yamutsa fuska. Ta ba da tulun man shanunta ga maƙwabta. A Gulma tsofaffin mata sun yi shawara sun ce ranar lallen Labbo za su yi guɗa ba tare da sun shafa komai ba.

Kullum in Riskuwa tana alwala, ta zo wanke ƙafa, yatsunta sukan tsaya a kan agara. Sumul take. Ta fi kowa sanin cewa wannan ba ya wanke mutum.

An kawo lefe ranar Lahadi, huɗu ga Disamba. Har ranar, sakamakon kwalba ta biyu bai dawo daga Sakkwato ba.